Ɓarawon da ya cire takalmi

Da hantsin Asabar Inna Bara'atu ta dawo daga suna a Garou, jikarta Marka na riƙe da bakin zanenta, ta buɗe gida ta tarar an yi mata sata. Ba ta yi kururuwa ba, ba halinta ba ne. Ta miƙa yarinyar ga maƙwabta, ta gyara lulluɓi, ta taka har birgadi, wato barikin jandarma na Malanville. Kafin ta dawo da hukuma unguwa duk ta ji, har an fara gardamar ko wane ne ɓarawon.

Ajidan Rilwanu aka ba aikin, ajidan kuwa muƙaminsa ne a jandarma. Mutum ne mai jiki da ciwon gwiwa, ya kusa ajiye kaki, kuma ba ya ɓoye wa kowa cewa ya ƙosa ranar ta zo. Da yake ɗan gari ne, yana jin Dandanci da Hausa ban da Faransancin aiki, duk ƙarar da tsohuwa ta kawo a kansa take ƙarewa. Ya buga babur ya ƙi tashi, suka kama hanya a ƙafa, tsohuwar na gaba, hukuma na biye tana ɗingishi.

Gidan ƙarami ne: zaure, tsakar gida mai rairayi, ɗakuna biyu suna kallon juna, sai ƙofar baya da ke fita filin da ake lodin albasa. Ajidan ya tsayar da jama'a a zaure, ya ce duk wanda ya taka tsakar gidan shi ne ɓarawon. Nan take kowa ya ja da baya.

Ba a fasa kwado ko ɗaya ba. An buɗe, an kuma mayar an rufe. Wannan bai nuna kowa ba, don ramin da ake ɓoye makulli a bangon zaure ba wanda bai san shi ba a unguwar. Ɗakin hagu kuwa an kwashe shi tas. Babu gado, babu katifa, babu akwatin tufafi, babu darduma da buta. Ƙusar da ake rataya riga ma an zare ta. An share ƙasa, sannan an shafe da jiƙaƙƙiyar ƙasa inuwar maiƙon da kan mutum ke bari a bango inda yake jingina. Ajidan ya daɗe yana kallon wurin. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa gamuwa da ɓarawo mai tsabta haka ba.

Ya tambayi ko ɗakin na wane ne.

"Na uban Marka na," in ji tsohuwar.

Ba ta kama sunansa, don surukinta ne. Sunansa Habibou, mutumin Gaya, can ƙetaren gulbi cikin Nijar. Shi ya auri 'yarta tilo, Halimatussa'adiya, wadda ta rasu ana gama yaye Marka. Tun da ta kwanta ciwo ya dawo da ita gidan uwarta, ya zauna jinya, bayan rasuwar kuma bai koma ba. Yana da tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, da yake ɗaukar albasa zuwa Parakou. A cewar tsohuwar, yanzu haka yana kan hanyar kudu, bai san abin da ya same shi ba.

A nata ɗakin ba a taɓa komai ba. 'Yan kunnen zinarinta suna cikin kumbo, rediyo na bisa taga, atamfofi a jere. Abu ɗaya aka ɗauka, kwanon tuwo mai murfi, wanda fentinsa ya fara ɓarewa. A cikinsa marigayiya take zuba wa mijinta abinci, uwar kuma ta ci gaba da zuba masa a ciki. Ta ce gado da katifa ana sayen wasu, kwanon kawai take so a nemo mata.

Ajidan ya durƙusa da ƙyar yana duba ƙasa. Tsohuwar ta share gidan kafin ta tafi, ta kuma zuba sabon yashin gulbi a ɗakinta, don haka sawu ya fito raɗau. Mutum ɗaya ne, namiji, da takalmin roba irin wanda rabin kasuwa ke sawa. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin ɗakin hagu da ƙofar baya. Sau ɗaya ya nufi ɗakin tsohuwar, kuma tun bai kai bakin ƙofa ba takalman suka tsaya gefe da gefe. Daga nan ƙafa ce tsirara, ta shiga, ta ɗauki abin da ta zo ɗauka, ta fito. Wani daga zaure ya ce ai don kada a ji motsinsa ne. Ajidan ya ce gidan da ba kowa, wa zai ji. Amma shi ma a lokacin bai ga abin da ke gabansa ba.

Shaidu kam bai rasa ba. Unguwa na son Habibou, kowa kuma yana so ya nuna ya fi kowa saninsa. Wannan ya rantse da launin katifar, wancan ya ce shi ya taya shi shigar da gadon tun Marka na goye. Ladan ya ce shekara da shekaru ba ya rasa shi a sahun asuba in dai yana gari. Ajidan ya rubuta duka, suka sa hannu suna murna sun taimaki mutumin kirki.

Wanda aka fara nunawa Ɗan'iya ne, dillalin tsofaffin kaya a bakin kasuwa. Ajidan ya birkice rumfarsa bai ga komai ba. Ɗan'iya ya ji jerin kayan, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ajidan, in bar zinariya in ɗauki ƙusa? Ko sata ni ka yi, ai ban haukace ba."

Ranar Juma'a kuma, wadda ake zaton an yi satar, yana ƙauyen Toumboutou wajen gwanjon kayan wani mamaci, mutane da yawa sun gan shi. Aka bar shi.

Na biyu Na-Allah ne, mai amalanken jaki, don sawun tayarsa ne a ƙofar baya. Bai musa ba. Ya ce in ya tafi masallacin Juma'a yakan bar jakin a ɗaure da amalanke a filin albasa, duk ɗan filin da ke da ɗan kaya sai ya ja, ya dawo da shi, ya jefa abin da ya sawwaƙa cikin gwangwanin da ke rataye. Haka ake yi tun zamanin ubansa. Ran nan ya dawo ya tarar da jakin ya yi gumi, an ba shi ruwa, gwangwanin kuma ya fi kullum nauyi. Liman ya shaida Na-Allah na sahu har aka sallame. Abin da Ajidan ya samu a nan shi ne ɓarawon ɗan filin albasa ne, kuma mai biyan haƙƙin jaki.

Saura mutum ɗaya. Matan unguwa sun ce wani mai farar riga da jaka ya zo gidan har sau biyu a watan nan, yana leƙe-leƙe yana tambayar wa ke kwana a wane ɗaki. Bai yi wuyar ganewa ba. Bukari ne, ma'aikacin ofishin lanho, wato haraji. Ran Litinin Ajidan ya same shi a teburinsa. Saurayi ne mai ladabi, ya tashi ya ba shi kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi.

"Mi ya kai ka gidan Inna Bara'atu?"

"Aiki na, Ajidan."

"Ran Juma'a ina kake?"

"Nan, hal la'asar. Shugabana na ciki, a tambaye shi. Wani abu ya hwaru?"

"An kwashe ɗakin surukinta. Ɗakin da mutum ya shekara da shekaru shina kwana, an bar mai bango."

Bukari ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Ɗakin wa ka ce?"

"Na Habibou mai kamiyo."

"Kuma akwai waɗanda sunka shaida nan shika kwana?"

"Unguwa duka. Sun sa hannu."

Bukari ya jawo alƙalami. Sai da Ajidan ya ga alƙalamin nan yana tafiya ya gane bakinsa ya yi ɓarna.

Saurayin ya yi masa bayani a natse, ba mugunta a muryarsa. Lanhon abin da mutum ke samu, in ji shi, yana bin inda mutum yake zaune ne, inda gidansa da iyalinsa suke, ba inda aka haife shi ba. Habibou ya rantse masa cewa a Gaya yake zaune, can yake biya, kuma gaskiya ne yana biya, ya nuna shaida. Ya ce nan gaisuwa kawai ke kawo shi. Bukari ya gaya masa zai zo cikin makon nan ya duba gidan, in bai ga alamar zama ba ya rufe maganar. In kuwa nan ne gidansa, to tun shekarar da ya ƙauro Benin ke binsa, ga tara a kai.

Ajidan ya tambaya, abin da ya biya a Gaya fa, ya faɗa gulbi ke nan? Bukari ya ce akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen don kada a ci mutum sau biyu, amma sai mutum ya sanar cewa ya tashi daga can ya zauna nan, shi kuwa bai gaya wa kowa ba. Neman abin da ya riga ya biya tsakaninsa ne da mutanen Nijar, hanya ce mai nisa, kuma shekaru sun wuce.

Ajidan ya fito bai sha ruwan ba. Yanzu ya san ɓarawon, ya kuma san cewa da bakinsa ya miƙa shi. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai saba ji a kan aiki ba.

A filin albasa aka gaya masa babu lodin da ya tashi kudu ran Juma'a da kamiyon Habibou. Wani direba ya ce ya ga motar a Guéné, bayan garejin wani makanike. Can Ajidan ya sami Habibou da azahar, zaune a inuwar motar, siriri, idanu sun faɗa. Ƙafar gado na leƙowa daga ƙarƙashin buhunan albasa. Habibou bai yi yunƙurin gudu ba. Ya shimfiɗa wa baƙonsa buhu, ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa.

"Ƙaƙa anka yi ka gane?" ya tambaya daga baya.

Ajidan ya zauna ya jera masa. Ɓarawo ba ya shara, ba ya zare ƙusa, ba ya shafe bango. Wanda ya yi wannan ba kaya yake so ba, so yake a ce ba a taɓa kwana a ɗakin ba. Ɗan filin albasa ne, ya san al'adar amalanken Na-Allah. Ya bar zinariya ya ɗauki kwanon da ba shi da daraja sai ga mutum biyu.

"Amma takalmin na ya kashe ka. Gida ba kowa, ka shiga ko'ina da takalmi, sai ƙohwar tsohuwa ka tuɓe su tun daga nesa. Wa ka yin haka in ba suruki ba?"

Habibou ya kalli ƙafafunsa.

"Wallahi ban san na tuɓe ba."

Ya ce niyyarsa mai lanho ya zo ya ga ɗaki wayam ya tafi, shi kuma ya mayar da komai wurinsa kafin Inna ta dawo, don ta ce sai ta yi mako a Garou. Kwanon ma tsoro ne ya sa ya ɗauka, gani yake duk wanda ya kalle shi zai san akwai namijin da ake zuba wa tuwo a gidan. Ajidan ya gaya masa Marka ce ta yi ta kukan gida, suka dawo da wuri.

Ya tambaye shi abin da ya hana shi gaya wa tsohuwar. Habibou ya ce da wane baki zai ce wa surukarsa ta yi ƙarya dominsa. Ajidan ya tambaye shi abin da ya hana shi tun farko ya je meri, ofishin magajin gari, ya sanar cewa ya ƙauro. Habibou ya ce:

"In je in tsaya gaban hukuma in ce a rubuta ina zaune gidan suruka? A hilin albasa ma wace irin ba'a ba su yi min ba? Kullum cewa nike gobe in koma Gaya. In na tashi tahiya in ga yarinyar kwance bayan kakatta, in aje kaya."

Ajidan ya gaya masa abin da ya faru a ofishin lanho, bai rage komai ba, har da nasa bakin. Habibou bai zarge shi ba. Ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya tashi ya buga mota.

Da yamma aka mayar da kayan ta ƙofar baya. Habibou ya durƙusa nesa da surukarsa, kansa a ƙasa, Ajidan ya yi bayani a madadinsa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta janye ƙara, ba a sace mata komai ba, mutum ya ɗauki kayansa ne. Ajidan ya ce wannan mai sauƙi ne, an gama. Sai ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Ɗana, ka rubuta ƙarya niy yi. Ka ce tsuhwa ta ruɗe ni, bai taɓa kwana gidan ga ba."

"Inna, tawa takarda ina iya yage ta. Abin da mai lanho ya ji, ban iya hidda shi daga kunnenai."

Duk da haka ya gwada. Ya koma wurin Bukari, Bukari ya ce maganar ta riga ta wuce teburinsa, kuma da ganin fuskarsa shi ma bai ji daɗi ba. Ajidan ya shiga wurin shugaban ofishin, aka karɓe shi da mutunci, aka ce doka ce, ana iya raba biyan kashi-kashi amma ba a iya yafewa. Ya roƙi kwamandansa ya sa baki, kwamanda ya ce shi aikinsa ɓarayi, kuma an ce masa babu ɓarawo. Ya ƙetara kadarko zuwa Gaya da kuɗin mansa, can aka ce mutumin nasu ne, a wurinsu bai taɓa tashi ba, in yana da ƙorafi ya rubuta zuwa Yamai. Kowa ya yi masa magana mai daɗi, kowa kuma yana da gaskiya.

Da lissafin ya fito, ko an sayar da kamiyon ba za ta biya ba, ita ce kuma za a fara kamawa. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa a Gaya yake zaune, yanzu dole ya koma Gaya da gaske, kafin a zo ɗaukar motar, kuma ba zai sake shigowa da ita wannan gefen ba. Ajidan ya san ranar da zai ƙetara. Ba a ba shi umarnin tsare kowa ba, bai kuma je neman umarnin ba.

Saura maganar Marka, wadda kowa ke kauce wa. Tsohuwar ta ce a bar mata ita. Habibou ma haka ya so. Amma an nuna masa cewa muddin 'yarsa na kwana a gidan nan, nan za a ci gaba da ƙirga gidansa, bashin yana ƙaruwa. Danginsa kuma, da suka daɗe suna jin haushin zamansa gidan suruka, suka ce tunda ya dawo 'yarsu ta dawo. Shi kullum yana hanya, don haka yayarsa da ke aure a Doso za ta riƙe ta. Maƙwabta suka yi ta ba tsohuwar haƙuri, wai Doso ba nisa, mota na zuwa kullum. Ta ce ta sani. Yarinyar da kake yi wa wanka kowace safiya daban, wadda kake gani da salla daban.

Ajidan bai je sallama ba, ya ce gwiwa ta tashi. An dai gaya masa tsohuwar ta yi wa yarinyar sabon kitso, ta raka su har bakin duwan, wurin 'yan kwastan na kan iyaka, ta dawo ita kaɗai ba ta tsaya gaisawa da kowa ba.

Bayan mako biyu ofishin lanho ya nemi jandarma ya raka ma'aikacinsu kai takardar kama mota, aikin kuma ya faɗo kan Ajidan Rilwanu. Suka yi sallama a zaure. Inna Bara'atu ta fito, ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa. Bukari ya tambayi Habibou, ta ce ya tashi. Ya tambayi motar, ta ce ta bi mai ita. Saurayin ya yi ta juya alƙalami a hannu, sannan ya ce ta yi haƙuri, akwai tambaya ɗaya da dole ya cike kafin ya tafi.

"Inna, yanzu su wa ka zaune gidan ga?"

Tsohuwar ta juya ta kalli Ajidan, kamar hukuma na iya ba ta wata amsa. Ajidan ya sunkuyar da kai.

"Ni ɗai ta," in ji ta.

Bukari ya rubuta.